Ɗanmu zai shiga aikin da ya ci kunnen ubansa

Assalamu alaikum Malama. Ina roƙon a sakaya sunana. Shekararmu 22 da aure, maigidana kuma ya kai shekara 19 yana aiki a wata masana'anta da ake yanka ƙarfe ana lanƙwasa shi. A 'yan shekarun nan sai in yi masa magana sau biyu, sau uku, bai ko waiwayo ba. In na ɗaga murya ya ce na raina shi, ina yi masa tsawa a gaban yara. In na yi a hankali, daga baya ya ce ban gaya masa ba. Rediyo sai ya ƙure ta, waya ma da kyar yake amsawa. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, in mu biyu ne a ɗaki yana jin komai, amma a cikin mutane sai ya yi ta murmushi yana gyaɗa kai a kan abin da bai ji ba. Da dare yakan ce kunnensa na ƙugi, barci ya gagare shi. Yanzu har zama cikin abokansa ya rage.

Mahaifinsa ma haka ya tsufa, sai an yi ihu yake ji. Shi a masaƙa ya yi aiki har ya yi ritaya. Shi ya sa dangin maigidan suka ce gado ne, in yi haƙuri. Na roƙe shi ya je asibiti ya ƙi, ya ce in aka gano kunnensa ya taɓu sallamarsa za a yi, kuma da aikin nan muke rufa wa kanmu asiri. Akan ba su abin toshe kunne jefi-jefi, amma ya ce yana hana shi jin injin, kuma shi ya saba da ƙara, ba ta damun sa.

Yanzu babban ɗanmu mai shekara 18 ya samu gurbi a wurin, zai fara wata mai zuwa, uban sai murna yake yi, ni kuwa gabana faɗuwa yake yi. Malama, in matsa wa maigidan ya bar aikin? In je wajen manajansu da kaina? In hana yaron? Ko kuwa tunda gado ne, ko ya je ko bai je ba duk ɗaya?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne tsaka mai wuyar da kike ciki: ki yi magana a hankali a ce ba ki faɗa ba, ki ɗaga murya a ce kin yi raini. Duk matar da ta daɗe a wannan hali dole ta gaji, kuma dole wata rana zuciya ta raya mata cewa da gangan ake yi mata. Bari in fara cire miki wannan ƙayar. Alamun da kika zayyano, har da wanda ya fi ɗaure miki kai, su ne alamun kunnen da ƙarar wurin aiki ta ci.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu ƙananan gashi, wajen 15,000 zuwa 16,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar girgizar sauti su mayar da ita saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana galabaitar da su. Da farko sukan farfaɗo in an huta, shi ya sa ma'aikaci ke tashi daga aiki kunne a dode, gari ya waye ya ji ya washe. In abin ya zama na kullum sai su fara mutuwa, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Waɗanda ke fara tafiya su ne masu kama siraran sautuka, musamman wajen sautin da ke kaɗawa sau 4,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma da siraran sautukan nan ne kunne ke bambanta "s" da "f" da "sh" da "ts". Kaurin murya da hawa da saukarta suna can ƙasa, inda ƙara ba ta saurin taɓawa. To kin ga maigidanki yana jin muryarki sarai, yana gane tambaya kika yi ko faɗa, amma ko "fata" kika ce ko "sata", sai dai ya cike da hasashe. A ɗaki shiru, yana kallon bakinki, hasashen kan yi daidai. A cikin taro, inda muryoyi biyar ke haɗuwa, sai ya rasa abin kamawa, ya koma murmushi don kada ya ji kunya.

Maganar tsawa ma tana da dalili. Kunnen da ya samu irin wannan rauni yakan rasa matsakaicin ji: ƙaramin sauti ya wuce shi, babba kuma ya daki kunnen fiye da yadda zai daki lafiyayye. Lokacin da kika ɗaga murya don ki taimake shi, shi tsawa ta gaske yake ji. Ke kina da gaskiya, shi ma bai yi ƙarya ba.

Sai zancen gado, wanda a ganina shi ne ginshiƙin matsalar gidanku, don shi ne ke sa kowa ya naɗe hannu. Akwai raunin ji da ake gada ta jini, wannan haka yake. Amma ki dubi gidanku da kyau: uba ya ƙare ƙuruciyarsa a masaƙa, ɗa ya yi shekara 19 a tsakiyar ƙarafa. Abin da suka haɗu a kai wanda ba ya buƙatar bincike shi ne ƙara. Tarihin sana'o'i cike yake da iyalai irin naku. Tun a 1713 wani likitan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya rubuta cewa maƙeran tagulla na birnin Benis, masu wuni suna bugun ƙarfe, jinsu kan yi nauyi, in suka tsufa a sana'ar su kurumce. A 1886 wani likita a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya, Thomas Barr, ya gwada jin mutum 100 masu ƙera tukwanen tururi, irin waɗanda ake shiga cikinsu ana buga ƙusoshi da guduma, ya tarar kusan ba wanda ya tsira. A masaƙun auduga na Lankasha a Ingila, ƙarar injina ta kai ma'aikata sun koyi hira da motsin leɓe daga nesa, ba tare da sauti ba. A waɗannan garuruwa ɗa kan gaji ubansa a sana'a, sannan ya gaje shi a kurumta, kuma ba abin mamaki ba ne mutanen gida su ɗauka a jini take.

Sana'o'in sun canza kama, ciwon bai tafi ba. Daga maƙera da masaƙa ya koma ga masu haƙar ma'adinai, maginan da ke aiki da injin fasa kankare, masu yankan katako, manoma a kan tarakta, ma'aikatan filin jirgin sama, sojoji, har da mawaƙa da masu aiki a ɗakunan kiɗa. A Amurka an ƙiyasta ma'aikata kimanin miliyan 22 ne ke shan ƙara mai cutarwa a wurin aiki kowace shekara, kuma ƙugin kunne shi ne lalurar da tsofaffin sojojin ƙasar suka fi karɓar diyya a kanta. Wani nazari da aka yi wa Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fito a 2005, ya nuna kashi 16 cikin 100 na raunin ji mai naƙasa manya a duniya daga ƙarar wurin aiki yake. Inda aka kafa doka aka bi ta, aka rufe injina aka riƙa gwada ma'aikata, sababbin kamuwa sun ragu. Abin da ake gada ta jini ba ya raguwa don an gyara inji, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ki ƙi yarda da "duk ɗaya".

Duk da haka wasiƙa ba ta maye gurbin gwaji. Dattin kunne da ya taru, tsohon ciwon kunne mai ruwa, ciwon suga, wasu magunguna irin su jentamaisin da kwinin, da shekaru kansu, duk suna iya sa hannu, wasunsu kuma ana magance su cikin sauƙi. Mutane ma ba ɗaya suke ba: biyu za su yi aiki a gefen inji ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya taɓuwa. In akwai abin da danginsa suka gada, mai yiwuwa kunne ne mai saurin jin jiki, kuma wannan dalilin ƙara kiyayewa ne. Gwajin ba shi da zafi, ba allura ba jini. Ana sa wa mutum abin sauraro a ɗaki shiru, ya riƙa nuna alama duk sanda ya ji sauti, a fitar da zane a takarda. Raunin da ƙara ta jawo yana da tambarinsa a zanen, wani rami a daidai siraran sautukan nan, yawanci a kunnuwa biyu, kuma masu gwajin na gane shi. Abu ɗaya ne ba ya jiran lallashi: in wata rana ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ko ƙugin ya koma gefe ɗaya kawai, ko ya zo da jiri mai tsanani, a nufi likitan kunne a ranar, don akwai irin da ake iya ceto in an yi sauri cikin kwanakin farko.

Ba zan ɓoye miki ba, 'yar'uwa, in ƙara ce ta ci, abin da ya tafi ya tafi. Babu ɗigon kunne, babu ƙwaya, babu jiƙo da zai dawo da shi, kuma ina roƙonki kada ku zuba wani abu a kunnen da sunan magani. Amma irin wannan rauni yana da hali ɗaya mai kyau: in aka raba kunnen da ƙara, ɓarnar ƙarar takan tsaya a inda ta kai, kuma da wuya ita kaɗai ta kai mutum ga cikakkiyar kurumta. Abin da ke jefa mutum a halin da surukinki yake ciki shi ne raunin aiki ya haɗu da na tsufa. Duk abin da maigidanki ya tsare yau, shi zai shiga tsufa da shi. Kada wani ya ce masa ai aikin gama ya gama.

Tsoronsa na sallama kada ki ɗauke shi taurin kai. Mutumin da yake ɗauke da gida, ya kuma san ma'aikaci ba ya wuyar mayewa, yana da hujjar jin tsoro. Ƙarƙashin wannan tsoro kuma akwai wani da ba zai faɗa miki ba: ya ga yadda mahaifinsa ya koma, ana hira a gabansa kamar ba ya wurin, kuma takardar asibiti za ta tabbatar masa hanyar da ya hau ke nan. Saboda haka kada ki je wajen manaja. In kika je a bayan idonsa, kin tona abin da yake ɓoyewa, kin ba masu aikin labarin da ba shi da takardar kare kansa a kai, kin kuma ɓata yardar da za ki buƙata nan gaba. Kada kuma ki matsa masa ya ajiye aiki yanzu. Barin aiki ba ya dawo da ji, yana iya jawo masa asarar haƙƙin da zai nema, kuma sau da yawa mai irin ƙwarewarsa wani wurin mai ƙara zai sake faɗawa.

Hanyar da ta fi ita ce ya yi gwajin da kansa, a asibitin da ba na masana'antar ba, wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro ko masanin gwajin ji. Sakamakon nasa ne, shi zai zaɓi wanda zai gani. A sa ranar bayan hutu, yadda kunnen zai samu aƙalla awa 14 ba ƙara, don kada dodewar wucin gadi ta shiga lissafi. Ya gaya wa likita irin aikinsa da shekarun da ya yi, ya ambaci aikin mahaifinsa, ya karɓi kwafin zanen mai kwanan wata ya adana. Wannan takarda ita ce za ta tsaya masa in magana ta taso.

Maganarsa ta cewa ya saba da ƙara ita ta fi tayar mini da hankali. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma a nan ba wauta ba ce, kunnen ne ke ruɗin mai shi. Kunne ba ya ƙarfi da shan ƙara. In ƙarar da ta dame shi a shekarar farko ta daina damun sa, alama ce ta cewa ya daina jin wani sashe nata, ita kuwa tana nan tana ci kamar yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar yau da kullum wajen 60 take. Cibiyar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa iyaka a 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Injin gurza ƙarfe da na datsa shi sukan kai 95 zuwa sama da 100. Ke nan mai yiwuwa kafin a yi nisa da safiya ya cinye rabon ƙararsa na yini. Ba sai da na'ura zai gane ba: in sai ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye tazarar hannu ɗaya ya ji shi, wurin ya kai haddin cutarwa.

Ƙorafinsa a kan abin toshe kunne kuwa, ki ba shi gaskiyarsa. Ma'aikacin inji da kunne yake gane inji ya fara ciwo, da kunne yake jin gargaɗin abokin aiki, kuma wanda ya riga ya rasa siraran sautuka, in ya sa toshiyar soso ta gama-gari, ita ma siraran ta fi dannewa, sai ya ji kamar an rufe shi a ɗaki. Maganin wannan shi ne a sauya iri. Akwai toshiyar da ke rage kowane sauti daidai wa daida, yadda magana za ta fito a sarari, akwai kuma murfin kunne mai batir da ke shigar da magana ya danne ƙara in ta tashi. Masanin gwajin ji zai iya zaɓa masa wanda ya dace da zanensa. Kafin nan ya gyara yadda yake sa ta soso: a murza ta ta sirance, a ɗaga kunnen sama da ɗaya hannun ta bayan kai, a tura ta ciki, a riƙe kamar rabin minti har ta kumbura. Wadda aka ɗora a bakin kunne kawai ba ta tsare komai, auduga ma haka. Babban abin da mutane ba su sani ba shi ne cirewa. Komai ingancin abin kariya, in aka cire shi awa ɗaya cikin awa 8 a tsakiyar ƙara, kariyar yinin gaba ɗaya ba za ta wuce desibel 9 ba. Mai sauƙin da zai jure sawa daga farko har ƙarshe ya fi mai ƙarfin da zai riƙa cirewa. Kwanakin farko za su yi masa baƙo, amma kunne kan koyi sabuwar muryar injin.

Kada dai nauyin duka ya koma wuyansa. Toshe kunne shi ne mataki na ƙarshe, kuma masana'antar da ke raba shi jefi-jefi ba ta sauke haƙƙin da ke kanta ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya tun 1977 a kan ƙara da girgiza da gurɓatar iska a wurin aiki, kuma raunin ji da ƙara ta jawo yana cikin jerin cututtukan sana'a da ta amince da su. A Tarayyar Turai, dokar 2003 ta wajabta a tanadi abin kariya daga desibel 80, a tilasta sawa daga 85. Gyaran gaske a jikin inji yake: sauya ƙarfen da ya ci, ɗaure abin da ke karkarwa, shimfiɗa roba inda ƙarafa ke faɗawa, kewaye inji mai ƙara da bango, nesanta mutane da shi, karɓa-karɓa a sashen da ya fi zafi, da wurin hutu mai shiru. Da yawa cikin waɗannan ba su da tsada, kuma mai masana'anta yana da riba a ciki, don ma'aikacin da ba ya jin gargaɗi ya fi kusa da haɗari. Irin wannan buƙata ba mutum ɗaya ke kai ta ba. Na tabbata a sashensu akwai wasu da matansu ke fama da abin da kike fama da shi. In suka haɗu, ta hannun ƙungiyarsu ko jami'in kula da lafiyar ma'aikata, suka nemi a auna ƙarar wurin a kuma riƙa gwada kowa shekara-shekara, ba wanda za a ware a nuna da yatsa. In sakamakonsa ya nuna rauni sosai, kafin ya kai takarda ofis ya fara ganin wakilin ƙungiya ko wanda ya san dokar ƙwadago ta inda kuke, ya ji matsayin diyya da wa'adin nemanta. Mai shekara 19 a aiki yana da abin da zai nema ban da sallama: a mayar da shi duba ingancin kaya, ko sito, ko koyar da sababbi.

Yadda za ki ɗauko maganar yana da muhimmanci kamar maganar kanta. Kada ki kawo ta lokacin da kuka saɓa a kan wani abin da bai ji ba, kada kuma a gaban yara ko danginsa. Ki zaɓi ranar hutu, ku biyu, ki shiga ta ƙofar ƙugin da ke hana shi barci, tunda shi ne abin da ya yarda yana damun sa. Ki ce masa kina so a duba ƙugin, kuma ba wanda zai ga takardar sai shi. Ki faɗa masa kin fahimci ba share ki yake yi ba, kuma ke ma ba raini ke sa ki ɗaga murya ba. Wannan jumla kaɗai tana iya kwance ƙullin shekaru. Daga yau kuma ki daina yi masa magana daga wani ɗaki ko ta bayansa. Ki matso, ki bari ya dube ki, ki rage rediyo, ki yi magana a sarari ba da ihu ba. In bai ji ba, ki sauya kalmomin maimakon maimaita waɗanda suka wuce shi. Ki koya wa yara haka, ki kuma hana su dariya in ya amsa abin da ba a tambaya ba, ki hana su cewa "bar shi kawai", don ba abin da ke korar mai raunin ji daga hira kamar wannan.

Ƙugin kan fi tashi da dare saboda shiru. Ƙaramin sauti a ɗaki, kamar fanka ko rediyo can ƙasa-ƙasa, yana rage masa kaifi, kuma yawanci yakan lafa a zuciya in mutum ya san abin da ke jawo shi. In likita ya ba da shawarar na'urar taimaka wa ji, ki ƙarfafa masa gwiwa. Na yanzu ƙanana ne, ana saita su daidai da zanen mutum su ɗaga siraran sautukan da ya rasa, kuma ga mutane da yawa suna rage ƙugin. A guji sayen wadda ba a saita ba, a kuma tuna cewa ba ta maye gurbin abin kariya a wurin aiki. Janyewarsa daga abokai kada ki bar ta ta yi tsawo. Ki riƙa jawo masa ɗaya ko biyu zuwa gida, inda hira za ta yi masa sauƙi.

Yaron kuwa, ban ga dalilin hana shi ba, amma ina ganin dalilin kafa sharaɗi, kuma yanzu ne lokacinsa. Ɓarnar ƙara ta fi gudu a shekaru 10 zuwa 15 na farkon aiki, daidai lokacin da saurayi ke jin ba abin da zai same shi. Kafin ya taka masana'antar a yi masa gwajin ji a adana takardar, a maimaita kowace shekara, yadda in abu ya fara motsi za a gani tun ana iya tarewa. Ya shiga da abin kariyarsa na kansa tun ranar farko, kada ya jira a raba. Ya san cewa kunne ba ya bambanta ƙarar inji da ta kiɗa: in ya tashi daga aiki ya cusa abin sauraro ya ƙure, ɗori yake yi a kan na yini. Taba sigari da shaƙar sinadaran narkar da fenti, irin su toluwin, suna ƙara wa ƙara ƙarfin ɓarna. In ya tashi aiki kunne na ƙugi ko a dode, wannan gargaɗi ne cewa kariyar ranar ba ta isa ba, ya faɗa. In kuma watanni suka wuce aka ga wurin ba ya ba da kariya, ba ya kuma barin a nema, to nan zan ce ya nemi koyon sana'ar a wani wuri, tun yana da shekarun sauyawa.

Ina ma ganin yaron ne hanyarki mafi sauƙi zuwa ga uban. Mutumin da ba zai je asibiti don kansa ba yakan je don ɗansa. Ki roƙe shi ya raka yaron gwajin farko, tunda shi ya san aikin, shi zai iya yi wa likita bayani. In suna can, a gwada su biyun ba zai zama abin kunya ba. Ki kuma nuna masa cewa sabon ma'aikaci tsofaffi yake kallo: in ya ga ubansa, wanda ake girmamawa a wurin, ya bar kunne a buɗe, shi ma zai cire nasa cikin mako guda don kada a ce masa rago.

In duk da haka ya ƙi, kada ki mayar da abin rigimar kullum. Ki samo toshiya mai kyau guda biyu, ɗaya ta yaron ɗaya tasa, ki ajiye masa a inda yake ɗaukar kayan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da manhajar waya kyauta mai suna hearWHO, wadda ke karanto lambobi a cikin hayaniya mutum ya danna abin da ya ji. Zai iya gwadawa shi kaɗai ba mai kallonsa, kuma makin da zai gani yakan yi abin da roƙo bai yi ba. Ki nemi wani da yake jin nauyinsa, aboki ko yayansa, ya sa baki bayan an kwana biyu. Surukinki ma kada a cire shi daga lissafi don ya tsufa, a kai shi a duba, don masu shekarunsa da yawa suna amfana da na'urar ji. In takardar gwajin ta fito, ki sake rubuto mini abin da likita ya ce kafin ku yanke wata shawara a kan aikin. Allah ya ba shi lafiya, ya tsare yaron.